Zagaya Maroko da bas da jakar goyo: daga tsaunukan Rif da Atlas zuwa bakin teku

Jirgin ƙasan Maroko yana da kyau, amma iyakarsa Marakish ta kudu. Duk abin da ke bayan nan, wato Warzazat da Sawira da Agadir da garuruwan bakin hamada, sai da mota. Haka ma Shafshawan da ke cikin tsaunukan Rif a arewa, layin dogo bai je can ba. Don haka wanda ya ɗauki jakarsa a baya yana son ya ga ƙasar da kuɗi kaɗan, dole ya san yadda harkar bas take a can. Babban abin da za a riƙe tun farko shi ne, a cikin duwatsu da awa ake auna tafiya, kilomita ba ta gaya maka komai. Tsakanin Marakish da Warzazat kilomita 200 ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma bas yakan ci awa 4 zuwa 5, saboda sai ya hau mashigin Tizi n'Tishka mai tsawon mita 2,260 sannan ya gangaro. Wanda ya tsara tafiyarsa da lissafin shimfiɗaɗɗiyar hanya zai kwana a inda bai yi niyya ba.

Mataki na 1: Takardu da kuɗi, tun kana gida

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya tashi. Mai fasfon Nijar yana cikin waɗanda aka ɗauke wa biza don gajeriyar ziyara. Duk da haka ƙa'idojin shiga sukan canja, sai a tuntuɓi ofishin jakadancin Maroko kafin a biya kuɗin jirgi. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai da Akara zuwa Kasabalanka, kuma daga filin jirgin akwai jirgin ƙasa da ke shiga cikin gari.

Idan jami'in shige da fice ya buga maka hatimi, duba shafin da kyau. Akwai wata lamba da ake sa wa baƙo a fasfo ranar da ya fara shiga ƙasar, kuma kowane masauki zai nemi ka rubuta ta a takardar rajista. Ka ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kuma buga kwafi biyu na fasfon da bizar da tikitin komawa. Amfaninsu zai zo a gaba.

Kuɗin ƙasar dirhami ne, kuma da wuya ka same shi a wajen Maroko. Tafi da yuro ko dala, ka canja kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari inda farashi ya fi. Kada ka dogara da katin banki na naira shi kaɗai, sefa ma ba ko'ina ake karɓarta a wurin canji ba. Duk rasit ɗin canji ka adana shi. Ka kuma riƙa tara silalla da 'yan ashirin-ashirin, domin a tashar ƙauye mai shayi ba zai iya fasa maka takardar 200 ba. Layin waya kuwa ba wuya: Maroc Telecom da Orange da Inwi duk suna sayarwa da fasfo. Ka sauke taswirar yankunan da za ka bi a waya tun kana da intanet mai ƙarfi, saboda a cikin kwazazzabai sabis yakan ɗauke.

Mataki na 2: Tsara hanya, ka fara da wuraren wahala

Zagayen da ya fi dacewa da mai mako biyu zuwa uku shi ne wannan. Daga Kasabalanka ka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018, ya kai ka Tanja cikin awa 2 da 'yan mintuna. Daga Tanja sai bas zuwa Shafshawan ta Titwan, kamar awa 3. Daga can zuwa Fas awa 4 ko fiye. Daga Fas ka keta Atlas ta Tsakiya, ta Ifran da Azru da Midelt, ka gangara kwarin Ziz zuwa Rashidiya da Risani da Marzuga, tafiyar da ke cin kimanin awa 10. Sai ka yi yamma ta Tinghir zuwa Warzazat, ka haura Tishka ka sauka Marakish. Daga nan awa 3 zuwa Sawira a bakin Tekun Atilantika, sannan ka zaɓa: ko ka yi kudu zuwa Agadir da Sidi Ifni, ko ka yi arewa ta Safi da Jadida ka koma Kasabalanka.

A cikin wannan zagaye, zango uku ne masu wuya: Shafshawan zuwa Fas, Fas zuwa bakin hamada, da Warzazat zuwa Marakish. Su za ka fara sa wa rana, ka yanki tikitinsu da wuri, ka bar kwana ɗaya a sake bayan kowanne. Hanyoyin bakin teku motoci sun fi yawa, za ka iya barin su sai yadda hali ya yi.

Akwai bas da ke ɗauko mutane daga Marzuga da safe ya kai su Marakish da dare, awa 12 ko fiye. Ban ba da shawarar a yi shi a zama ɗaya ba. Wuri mafi tsanani a hanyar, wato Tishka, shi ne ke zuwa a ƙarshe, lokacin da jiki ya riga ya gaji, kuma a lokacin sanyi duhu ya yi. Ka yada zango a Tinghir, ka je ka ga kwazazzabon Todra, ko ka kwana a Warzazat ka leƙa tsohon garin laka na Ait Bin Haddu da ke kimanin kilomita 30 daga can. Washegari ka haura dutsen da rana tsaka, ido na ganin hanya.

Sunayen garuruwa a jikin tikiti da allon tasha da rubutun Faransanci suke, wani lokaci da Larabci a gefe. Shafshawan za ka gan ta Chefchaouen, Warzazat Ouarzazate, Sawira Essaouira, Tanja Tanger, Rashidiya Errachidia. Rubuta su a takarda haka, domin idan za ka nema a intanet ko ka nuna wa mai sayar da tikiti, wannan rubutun ne zai yi aiki.

Game da lokaci: watannin Maris zuwa Mayu, da Satumba zuwa Nuwamba, su ne masu daɗin tafiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara takan sa a rufe Tishka da hanyar Ifran na awoyi, wani lokaci yini guda. Yuli da Agusta 'yan ƙasar mazauna Turai suna dawowa hutu, motocin bakin teku su cika maƙil. Kwanakin da ke gab da Babbar Salla kuwa kowa yana hanyar gida, ranar sallar kanta da kyar za ka ga mota a tasha.

Mataki na 3: Sanin irin motar da za ka hau

Motocin dogon zango iri uku ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin farashi.

Na farko manyan kamfanoni biyu: CTM, wanda ya faro tun 1919, da Supratours na hukumar jiragen ƙasa, wanda motocinsa ke ɗorawa daga inda layin dogo ya tsaya. Suna tashi kan lokaci ko kusa da shi, kowa da lambar kujerarsa, akwai na'urar sanyaya mota, ba sa tsayawa ɗaukar fasinja a bakin hanya. A hanyar dutse waɗannan nake zaɓa ko da sun fi tsada. 'Yan dirhamin da aka ƙara ba su kai darajar birki mai kyau da direban da ba ya tseren neman fasinja ba.

Na biyu motocin babbar tasha, wadda ake kira gar rutiyer ko mahatta. Nan ne ƙananan kamfanoni da yawa suke, kowanne da tagarsa, 'yan kamasho suna ta kiran sunayen garuruwa. Sun fi araha, suna zuwa ƙauyukan da manyan ba sa zuwa, kuma kusan kowane lokaci za ka samu wadda ke shirin tashi. Sai dai suna tsayawa ko'ina, tafiyar awa 3 ta koma 5. A shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin teku, kamar Safi zuwa Jadida, ba laifi.

Na uku babbar tasi, wato garan taksi, mai ɗaukar mutum 6 tsakanin gari da gari. Tsarinta irin na tashar Kano zuwa Zariya ne: sai ta cika take tashi, kuɗin kujera sananne ne, mai sauri yana iya biyan kujerun da suka rage. A tsofaffin Marsandi mutum 2 ne a gaba, 4 a baya. Yanzu yawanci an koma sababbin motoci masu layi uku. Ita ce ke cike giɓi a gajerun zango, kamar Warzazat zuwa Ait Bin Haddu, ko Marakish zuwa Imlil, ƙauyen da ake tashi daga cikinsa a hau dutsen Tubkal. Ka tambayi wani fasinja nawa ya biya kafin ka miƙa naka, ka kuma fayyace wa direba cewa kujera ɗaya kake so, don kada ya ɗauka shatar motar ka yi.

Kuskuren da ya fi cin baƙi shi ne na tasha. A manyan birane CTM yana da tasharsa daban, Supratours tasa daban, babbar tasha kuma daban. A Marakish, Supratours tana jikin tashar jirgin ƙasa, CTM ba nisa da nan. A Fas, ofishin CTM yana sabon gari, babbar tasha kuma tana bakin ganuwar tsohon gari wajen ƙofar Bab Mahruƙ. Idan ka ce wa mai tasi “tasha” kawai, inda ya ga dama zai kai ka. Faɗi sunan kamfanin, ka nuna masa tikitin.

Mataki na 4: Yankan tikiti da zaɓen kujera

Manyan kamfanonin suna sayar da tikiti a intanet, amma katin ƙasar waje ba kullum yake shiga ba. Dabara mai sauƙi ita ce, da zarar ka sauka a gari, kafin ka bar tasha, ka yanki tikitin fita. Wannan ya fi muhimmanci a Shafshawan, domin motocin da ke zuwa Fas kaɗan ne, yawancinsu kuma daga Tanja ko Titwan suke tasowa da mutanensu, 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa. Ga shi tashar tana can ƙasan gari, tsohon garin yana sama. Wanda ya haura da jaka a baya ba zai so ya sake gangarowa don tikiti kawai ba.

A babbar tasha, je ka taga da kanka. Ɗan kamasho zai tare ka tun daga ƙofa, ya karɓi jakarka, ya ce motarsa ce ke tashi yanzu-yanzu. Riƙe kayanka, ka ce “la, shukran”, ka wuce. Ka tabbata an rubuta ranar tafiya da lokaci da sunan gari a tikitin, ka tambaya ko motar kai tsaye take ko sai an canja.

Wajen kujera, a hanyar dutse nemi layin gaba, daga na biyu zuwa na biyar. Bayan mota ya fi jujjuya mutum a kwana. A bakin teku kuma gefen da ka zauna ne abin lura: daga Sawira zuwa Agadir teku yana hannun dama, idan kana dawowa yana hagu. A hanyar Bahar Rum daga Titwan zuwa Husaima yana hagu. Mace mai tafiya ita kaɗai tana iya roƙon a haɗa ta kujera da mace, ko wajen yankan tikiti ko bayan an shiga. Abu ne da aka saba, ba wanda zai ga baƙonsa.

Ka daidaita agogonka da na tasha ranar da ka iso. A 2018 an daidaita agogon Maroko da na Najeriya da Nijar, aka riƙa mayar da shi baya da awa ɗaya da azumi, kuma wayoyi sukan rikice a ranakun canjin.

Mataki na 5: Haɗa kaya gida biyu

Babbar jakar goyo but za ta shiga, ba za ka sake ganinta ba sai an isa. A CTM da Supratours akwai wurin rajistar kaya: a karɓi 'yan dirhami kan kowace jaka, a manna mata lamba, a ba ka rabin takardar. Saboda wannan ne ake so ka iso rabin awa kafin tashi. Takardar nan da ita za ka karɓi jakarka, kada ka jefar. A motocin babbar tasha yaron mota ne zai sa ta a but ya nemi nasa; ka tsaya ka ga ta shiga, ka ga gefen da aka sa ta. Ɗaure igiyoyinta, ka rufa mata rigar ruwa ko ka zura ta cikin buhu, domin but ba ya rasa ƙura da maiƙo.

Ƙaramar jaka kuma ba ta rabuwa da kai, ko bayan gida za ka: fasfo, kuɗi, waya da abin cajinta, magunguna, ruwa, dabino ko gyaɗa, takardar goge hannu, leda biyu ko uku, da rigar sanyi. Rigar sanyin nan kada a raina ta. Za ka iya barin Marakish kana gumi, bayan awa 2 kana kan dutse haƙora na kaɗawa. Ifran, wadda motar Fas zuwa Marzuga ke ratsawa, ita ce ke riƙe da tarihin sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Afirka: digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935. Motar dare a wannan hanya tana son safa da hula da mayafi mai kauri. Sawira ma, duk da tana bakin teku, iska ce ke kaɗawa a cikinta kusan kullum, da yamma sai da riga mai dogon hannu.

Nauyin babbar jaka kada ya wuce abin da za ka iya hawa tudu da shi na minti 20. Mota ba ta shiga lungunan tsohon garin Fas, na Shafshawan kuma matakala ne.

Mataki na 6: Ranar hawa dutse

Daga Marakish hanyar takan fara a miƙe cikin gonaki, sai a hankali ta shiga jar ƙasa, ƙauyukan laka manne a jikin tudu. Bayan ƙauyen Taddart ne kwana-kwanar gaske take farawa. An faɗaɗa hanyar a shekarun nan, an yanke wasu kwanoni, amma dutse yana nan yadda yake, kuma wanda bai saba ba cikinsa zai gaya masa.

Kada ka hau da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Burodi da shayi sun isa. Idan ka san mota tana sa ka amai, shiga kantin magani tun jiya ka nemi maganin tashin zuciya na tafiya, ka sha rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi. Yana sa barci, kuma mai ciki ko mai shan wasu magunguna ya fara tambayar likita. Ɗanyar citta ma tana taimaka wa wasu. Da an fara kwana, ajiye waya, ka kafa ido can nesa ta gilashin gaba. Kunne zai toshe yayin hawa da sauka. Haɗiye yawu ko tauna cingam yana buɗe shi. Idan abin ya zo, ledar nan ce amfaninta, kuma ba kai kaɗai ba ne a motar.

Akwai maganar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke cika motocin nan: sikila. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da hawa wuri mai tsawo inda iska ta yi ƙaranci, duk suna iya tayar da ciwon. Mai sikila ya ga likitansa kafin ya tsara wannan tafiya, ya riƙe magungunansa a ƙaramar jaka, ya yi ta shan ruwa ko da zai matsu, ya kuma guji motar dare a lokacin sanyi. Ratsa Tishka a mota abu ne na ɗan lokaci, amma hawan Tubkal, dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka mai mita 4,167, wani abu ne daban. Ko mai cikakkiyar lafiya ba a barinsa ya hau sai da ɗan jagora mai lasisi, ƙa'idar da aka tsaurara bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu kusa da Imlil a Disambar 2018. Yankin ne kuma girgizar ƙasa ta 8 ga Satumbar 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda mutane kusan 3,000 suka rasu. Kafin ka bi ƙananan hanyoyin can, musamman ta Tizi n'Test zuwa Tarudant, tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki a makon.

Yawancin motocin ba su da bayan gida. Akan tsaya sau ɗaya a tafiyar awa 4, na minti 20 zuwa 30, a wani wurin cin abinci na bakin hanya. Tambayi direba minti nawa, ka ɗauki hoton lambar motar, domin wani lokaci motoci uku masu launi ɗaya ne a jere. Fara da bayan gida, akwai mai tsaron da ake ba dirhami 1 ko 2. Sannan abinci. A irin wuraren nan za ka ga mahauci ya rataye nama, mai gashi yana gefensa: ka sayi naman da awo a wurin mahauci, ka miƙa wa mai gashi, shi ma ka biya shi nasa. Yana da daɗi, amma yana cin lokaci. Idan tsayuwar gajera ce, tajin (dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa mai murfi) da ya riga ya nuna a kan garwashi ya fi. Tambayi farashi kafin ka zauna. Da ka ji hon, tashi.

Salla ba ta da wahala a wannan ƙasa. Kusan kowane wurin tsayawa yana da ɗan ɗakin salla da wurin alwala, mutanen kuma Malikawa ne. Sai dai direba ba zai tsaya don lokacin salla ya yi ba, don haka ka hau da alwala, ka san hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka baro gida. Da azumi kuwa, in rana ta faɗi a hanya, mota takan tsaya a sha ruwa da dabino da miyar harira.

Mataki na 7: Shingen jami'an tsaro

Wannan ba ya cikin abin da littattafan yawon buɗe ido na Turawa suke damuwa da shi, amma baƙar fata dole ya san shi. Arewacin Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Turai, ta mashigin ruwa ko ta garuruwan Sabta da Malila da ke hannun Sifaniya. Saboda haka jandarmomi suna tsayar da motoci a hanyoyin Tanja da Titwan da Nador, kuma sau da yawa ɗan Afirka ta Yamma ne za a fara tambaya takarda. A wasu tashoshin ma akan nemi ganin fasfo kafin a sayar maka da tikitin arewa.

Abin yi a nan ba shi da yawa. Fasfo na asali ya kasance a jikinka, kada ya kwana a but. Ka haɗa shi da takardar masaukin da za ka sauka da tikitin komawa gida. Ka yi sallama, ka miƙa, ka amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice. Kada ka sa kuɗi a cikin fasfo. Wanda takardunsa suka cika, yawanci minti biyu ne an gama. Ka kuma kiyaye kwanakin da aka ba ka, domin wanda ya zarce wa'adi sai ya sha zirga-zirgar ofisoshi kafin ya fita.

A tsaunukan Rif ana noman wiwi, kuma a Shafshawan za a yi ta tare ka ana tayi. Dokar 2021 ta halatta noman ne don magani da masana'antu kawai. Saye da riƙewa don sha laifi ne, kuma ana binciken motocin da suka fito daga yankin. Kada ka karɓi saƙon kowa, komai ƙanƙantarsa, komai kyan fuskar mai ba ka. Lambobin gaggawa: 19 'yan sanda a cikin gari, 177 jandarma a wajen gari, 15 motar asibiti da 'yan kwana-kwana.

Mataki na 8: Sauka

Yi ƙoƙari ka isa sabon gari da sauran rana. Motar dare tana rage kuɗin masauki, amma takan ajiye mutum da asuba cikin sanyi, gari bai farka ba. Idan haka ta faru, zauna a tasha ko gidan shayi har gari ya waye. A ƙofar tasha ƙananan tasi ne ke jira, kowane gari da launinsa: ja a Kasabalanka da Fas, shuɗi a Rabat da Shafshawan. Mutum 3 suke ɗauka, ba sa fita wajen gari, kuma suna da mita. Ka ce a kunna, in an ƙi ku yi ciniki kafin ka shiga. Wanda ya tare ka ya ce masaukinka a rufe yake, ko hanyar can ba ta ɓullewa, kira masaukin ka ji daga bakinsu. Ma'aurata su riƙe kwafin takardar aure, wasu masaukai sukan tambaya.

A Fas ka ba kanka kwana biyu aƙalla. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815, tana cikin tsohon gari, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859, kuma da wuya ka shiga ba ka tarar da baƙi daga Senegal ko Najeriya ba. A Risani kuwa, kafin ka wuce zuwa tuddan yashi, kufan Sijilmasa yana bakin gari, inda a da ayarin raƙuma suke tashi su keta Sahara zuwa ƙasashenmu.

Mataki na 9: Bakin teku da komawa

Bayan duwatsu, hanyar teku hutu ce, ko da yake tsakanin Sawira da Agadir, kilomita 175 ko kusa da haka, akwai tuddai masu itatuwan argan da kwanoninsu kafin hanya ta sauko gaɓa wajen Tamri da Taghazut. Ka ba ta awa 3 zuwa 3 da rabi. Duba tikitinka da kyau: motoci da yawa da aka ce na Agadir ne, a Inzigan suke tsayawa, wani gari da ke kudu da ita da kilomita 10 da 'yan kai. Idan kudu ka nufa, hakan ya ma fi maka, domin daga Inzigan ne motocin Tiznit suke tashi, daga Tiznit kuma ka samu na Mirleft da Sidi Ifni, garin da Sifaniya ta riƙe har 1969. Teku a wannan gaɓa yana da sanyi da igiyar ruwa mai ja; wanda bai iya iyo sosai ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Sawira tana da bikin kiɗan Gnawa da ake yi tun 1998, yawanci a watan Yuni. Masu wannan kiɗa jikokin mutanen da aka kawo ne daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, har da Hausawa. A makon bikin kujerar mota da gadon kwana duk sai wanda ya kama da wuri, farashi kuma ya ninka.

Daga Sawira zuwa Kasabalanka ka ware awa 6 zuwa 7. Kada ka yi wannan tafiya a ranar da jirginka zai tashi. Kwana a Kasabalanka, da safe ka hau jirgin ƙasa zuwa filin jirgi. Dirhamin da ya rage maka ka canja shi kafin ka wuce wurin buga fasfo, ka nuna rasit ɗin canjin da ka adana, domin doka ba ta yarda a fita da shi da yawa ba, kuma a Kano ko Yamai da wuya ka samu ɗan canjin da zai karɓa.